Garin da Haruna Ya Kwana

A ajinmu na sakandare babu wanda ya san sunan uban wani. Ba rashin kula ba ne, haka rajista ta yi da mu. Ranar da aka kai ka makaranta, malamin da ke riƙe da babban littafi zai tambayi sunanka, ya tambayi garinku, ya haɗa biyun ya rubuta, shi ke nan ka samu sunan da za ka tsufa da shi. Saboda haka in an tashi kiran suna da safe sai ka rantse a tasha kake ana neman fasinja: wane Kusasu, wane Randagi, wane Kuyello, wane Dogon Dawa. Mu 'yan cikin gari aka liƙa mana Birnin Gwari, har mu biyar a aji ɗaya, muna ta hura hanci kamar iyayenmu ne suka gina makarantar. Yaran yanzu in na ba su wannan labari dariya suke yi, su ce yaya za a yi mutum ya bar sunan ubansa ya ɗauki na gari. Nakan ce musu a lokacin ba mu ga bambanci ba, domin in ka faɗi garin mutum ka faɗi ubansa, da gonarsu, da irin tuwon da ake ci a gidansu.

Makarantar a bakin daji take, daji kuwa a wancan zamani malalaci kaɗai ke tsoronsa, saboda can ake tura mu itace kowace Asabar. Ƙararrawarmu wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a jikin maɗaci, amma kafin a buga shi burtu ya riga ya tashe mu da gurnaninsa daga can cikin doka, kurciyoyi su karɓa, zabin daji su cika wuri da surutu. Mu fita da langalanga mu yi ta saran ciyawa raɓa na jiƙa mu har gwiwa, mu je rafi da bokiti, mu dawo mu tarar koko ya huce ya yi fata. Matan Gwari su wuce ta bayan shinge da doya a kafaɗa, su gaishe mu da Hausa, mu amsa da 'yan kalmomin yarensu da muka tsinta, su yi ta yi mana dariya. Matan Fulani su sauke ƙwaryar nono a gindin ɗorawa su jira a tashi tara. Tsohon da ke dafa mana abinci, wanda a dajin aka haife shi, yakan ja mana kunne ranar itace. Ya ce duk wanda ya ɓata kada ya yi gudu, ya zauna ya kasa kunne, ba zai daɗe ba zai ji ko daka ko kukan saniya, ya bi sautin zai tarar da mai ba shi ruwa. Ya ce dajin nan cike yake da mutane, ganye ne kawai ya rufe su. Mun gwada maganarsa ba sau ɗaya ba, ba ta taɓa ba mu kunya ba. Yau kuwa jikokina sun girma a garin nan ba su taɓa ganin inda muke saro itace ba, ni ma ba zan kai su ba. In ka ji ƙarar babur daga wajen daji yanzu, ba zama ake yi a kasa kunne ba.

Haruna ne a gabana a layi ranar da aka ɗauke mu. Dogo ne siriri, da akwatin ƙarfe a ka, ƙafafunsa duk taɓo har ƙwauri, don ƙarshen damina ne. Layin ya yi tsawo, rana ta yi zafi, muka fara hira. Ya ce mini shi ɗan Gwaska ne, kwana biyu ya yi yana tafiya a ƙasa. Jiya da yamma ya iso wani rafi ya tarar ya cika, dole ya tsaya a wani ɗan ƙauye da ke bakinsa mai suna Rafin Tsada, da safe aka ƙetare da shi. Malamin da ke rubutu baƙo ne a ƙasar Hausa. Hausarsa tana kai shi kasuwa ta dawo da shi lafiya, amma ba ta san lunguna ba. Maimakon ya ce ɗan ina ne kai, sai ya ce wa kowa, daga ina? Sauran yara sun fahimci abin da yake nufi. Haruna kuwa a gidansu in babba ya tambayi matafiyi daga ina, inda ya taso yake tambaya, kuma ba a yi wa babba ƙarya. Ya sauke akwati, ya rusuna, ya ce daga Rafin Tsada. Malam ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta. Ni na ji, na kuma gane abin da ya faru tun a nan, kalma ɗaya daga bakina da ta gyara komai. Amma na yi gum, saboda tun ina yaro Allah ya yi ni da son ganin ƙarshen abin dariya.

Washegari aka kira Haruna Rafin Tsada sau uku babu wanda ya amsa. Yana zaune yana waige-waige tare da mu, yana jiran a zo kan Haruna Gwaska. Kwana uku ana rubuta masa bai zo ba alhali yana kan benci, a rana ta huɗu aka gano shi aka sa shi yankan ciyawar filin ƙwallo saboda raina malamai. Da ya tattara ƙarfin hali ya je ya yi bayani, aka ce sunaye sun riga sun tafi ofishin ilimi, abin da ya tafi can kuwa ba ya dawowa. Mu kuma muka samu abin yi. Tsada dai 'ya'yan itace ne masu tsami da ke cike a dajin, amma wa zai tsaya a nan? Ni na fara cewa a kauce, kaya mai tsada zai wuce. In ya ɗaga hannu a aji sai wani ya yi raɗa cewa wannan amsa ba ta talaka ba ce. Ranar itace mu ciko aljihu da tsada mu zuba masa a cikin takalmi. Haruna ba mai faɗa ba ne. Sai ya zazzage takalminsa, ya zaɓi nunannu ya sha, ya ci gaba da abin da yake yi. Mun ɗauka abin ba ya damunsa, shi ya sa ba mu taɓa sassautawa ba.

Sai da muka yi aure muka hayayyafa sannan ya gaya mini abin da ya faru a gida. Hutun farko ya kai wa mahaifinsa takardar sakamako, ya zo na uku, yana murna. Tsohon ba ya karatun boko, ya sa aka karanta masa. Da aka karanta sunan sai ya ce a sake. Aka sake. Ya ninke takardar ya miƙa wa Haruna, ya ce wannan ba ta gidansa ba ce, shi ɗan Gwaska ya aika makaranta, ga shi an dawo masa da ɗan wani gari. Duk bayanin da Haruna ya yi bai shiga ba. Tsohon ya ƙudurta a ransa cewa yaron kunyar ƙauyensu ya ji a gaban 'yan birni, ya ari na wasu. Bai taɓa zaginsa a kai ba, bai kuma taɓa karɓar wata takardar makaranta daga hannunsa ba har ya koma ga Allah. Ranar da na ji wannan na ji kunyar kaina ƙwarai. Ban ce na daina tsokanarsa gaba ɗaya ba, don baki in ya saba da wuya ya bari, amma na rage. Shi kuwa sunan ya bi shi ko'ina: takardar gama makaranta, takardar ɗaukar aikin koyarwa, katin asibiti, har fasfon aikin hajji. Duk inda aka tambaye shi sai ya yi bayani a taƙaice, cikin muryar wanda ya gaji, cewa shi ba ɗan can ba ne, kuskure ne aka yi.

Yanzu mu da muka rage a gari ba mu cika hannu biyu ba. Mukan haɗu Asabar ɗin farko ta kowane wata bayan la'asar a zauren tsohon monitanmu, wanda har yau yake ganin yana da iko da mu. Ya haddace rajistar tun daga sama har ƙasa, kuma da ita yake buɗe zama. Mai rai ya amsa, wanda ya rasu mu ce Allah ya jiƙansa. Daga nan sai gardama: wace hanya manyan motoci ke bi kafin a yi kwalta, su wa suka fara zama a wane tudu, kasuwar wane gari ce ta fi cika ranar da take ci. Kowa yana ƙara wa garinsu gishiri, ni kuma da na yi aikin malamin gona na zaga ƙauyukan nan a kan babur nakan ƙaryata su ɗaya bayan ɗaya, su taru su ce ni ne babban maƙaryacin. A 'yan shekarun nan ne zaman ya canja ba tare da wani ya shirya ba. In an kira suna an amsa, sai wani ya tambaya, garin fa? A ce suna nan. Ko a ce rabi sun tashi. Ko a ce ana zuwa noma da safe a dawo kafin yamma. Ko kuma a yi shiru. A haka muka lura rajistar ajinmu ta zama jerin garuruwan dajin nan, kuma wani lokaci mai sunan yana zaune lafiya yana shan shayi, garin ne za a yi wa addu'a. In an zo kan Rafin Tsada babu mai amsa tambayar. Na san wurin, na je sau biyu ko uku kai iri, 'yan gidaje ne a ƙarƙashin kaɗanya. Mun ji an ce sun tashi, amma babu wanda ya san yaushe ko ina suka nufa. Gwaska ta sha wuya, kowa ya ji sunanta a rediyo. Rafin Tsada ko wannan ba ta samu ba.

Bara hawan jini ya kayar da Haruna, ya tashi yana jan ƙafar hagu. Wata safiya ya zo gidana da sandarsa, muka gaisa, ya ƙi zama a kujera ya zauna a tabarma. Ya ce ya yi tambaya, an ce in ya je kotu ya yi takardar rantsuwa zai iya mayar da sunansa yadda ya kamata ya kasance, kuma yana so a samu wanda zai tsaya masa shaida. Na fara zolaya, na ce bayan shekara hamsin yanzu ne kayan zai yi araha? Bai yi dariya ba.

"Kai ne a bayana a layi," in ji shi. "Malamin ya daɗe da mutuwa. Kai kaɗai ka rage da ka ji da kunnenka. Na ga alamar tafiya ta matso, ba na so a tsaya a masallaci a ce za a yi jana'izar Haruna Rafin Tsada. Ina so in je wa Baba da sunan da ya aike ni da shi."

Na ce ko yau yake so mu tafi. A raina kuwa na ji daɗi da Allah ya ja kwanana har zan buɗe bakin da na rufe ranar nan. Muka sa Talata, don ita ce ranar da yake ganin likita, daga asibiti sai mu zarce kotu.

Ranar Talata na ɗauko shi a tsohon babur ɗina. Asibiti a cike, muka samu benci muka zauna. Can ma'aikaciyar da ke riƙe da katuna ta leƙo, ta ɗaga murya yadda suke yi don a ji har waje, ta kira Haruna Rafin Tsada. Ya dafa sanda ya shiga. Sai na ga wata tsohuwa a bencin da ke fuskantarmu ta miƙe tsaye. 'Yar ƙarama ce, ta girme mu nesa, idanunta sun yi fari-fari. Ta tambayi na kusa da ita wa aka kira, aka ce wani malami ne, ya shiga. Ba ta koma ta zauna ba. Ta lallaɓa bango har bakin ƙofar ta tsaya, ana ta ce mata ta ba da hanya tana matsawa kaɗan ta dawo. Da Haruna ya fito ta ji ƙarar sandarsa, ta miƙa hannu ta kama gefen rigarsa.

"Malam, kai aka kira ɗazu? Ɗan gidan wa ne kai a Rafin Tsada? Ka yi haƙuri, ido ya tafi, ban shaida ka ba."

Na jira in ji bayanin nan da na ji sau ɗari. Sai na ga ya kama hannunta ya kai ta benci, ya zauna kusa da ita, ya ce Iya, gaskiya ni ba ɗan can ba ne. Ya ba ta labarin tun daga rafin da ya cika har alƙalamin malam, bai taƙaita ba. Tana ta jinjina kai, na ga fuskarta ta sauka, tausayinta ya kama ni. Can ta tambaye shi a wane gida ya kwana. Ya ce bai san sunan mai gidan ba, abin da ya riƙe shi ne ƙofar zauren gajeriya ce, ya buga goshi da shigarsa ya sake bugawa da fitarsa. An ba shi tuwon dawa da miyar kuɓewa, da safe wata mata ta ƙulla masa gasasshiyar masara, wani mutum ya saɓa akwatinsa a kafaɗa ya riƙe hannunsa har tsallaken ruwa. Tsohuwar nan sai ta fashe da dariya, har mutane suka juyo. Ta ce ai gidan maƙera ke nan, ƙofar nan babu goshin da ba ta sara ba a garin, mijinta har ya mutu da tabonta. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta gaya masa daga zauren in ka yi dama rijiya ce, in ka yi hagu rumbunan gidan liman, ga kaɗanyar da ake sussuka a gindinta. Haruna na cewa ƙwarai, ya tuna rijiyar, akwai gungumen itace a bakinta. Ta ce na maje ne, kakan mijinta ya sa shi.

Na tambaye ta ina mutanen suke yanzu. Ta ce sun watse, wasu Kaduna, wasu Zariya, wasu ba ta san inda suka faɗa ba. Ita tana nan cikin gari wajen 'yarta, ɗaki ɗaya su da yara. Jikokinta an sa su makaranta da sunan ubansu, in an tambaye su garinsu sai su ce Birnin Gwari, kuma ba ta ga laifinsu ba. Sai ta juya wajen Haruna.

"Tun da muka taso daga can ban ji sunan garin nan a bakin wani ba sai yau. Ni ma na daina faɗa, don in na faɗa sai a ce ina ne nan kuma? Har nakan zauna in ce ko dai mafarkinsa na yi. To yau ga ma'aikaciyar gwamnati ta karanta shi a takarda, kowa ya ji." Sannan ta ce, "Malam, wace rana kake zuwa ganin likita?"

Ya ce Talatar farko ta kowane wata. Ta maimaita a hankali don ta riƙe. Ta ce ita ba ta da wani aiki, za ta riƙa zuwa ta zauna a bencin nan, ba za ta dame shi ba, so take kawai ta ji an kira. Aka kira nata katin, ta yi mana sallama, ta bi bango ta shiga.

Muka fito. Na hau babur, na jira ya gyara ƙafarsa mai ciwo a baya. A bakin ƙofar asibiti hanya ta rabu, kotu hagu, gida dama. Na sa siginar hagu, sai ya taɓa kafaɗata ya ce in yi dama. Na tsaya a gefen titi na kashe injin, na tambaye shi ko jiri ne ya ɗebe shi. Ya ce lafiyarsa lau.

"Shekara hamsin ina ganin kaya aka ɗora mini," in ji shi, "ashe ajiyar mutane ce a hannuna ban sani ba. Ba yanzu zan yar da ita ba. In Allah ya mayar da su garinsu, sai mu zo kotun."

Na ce Baba fa? Ya ce Baba ya san hakkin ajiya fiye da kowa a Gwaska, wannan bayanin kam zai saurara. Ni da shi mun san yadda dajin yake, mun kuma san likita ya gaya masa ciwon ya yi nisa. Na ce in kuma ba su koma ba, har lokaci ya yi?

"Sai ku kira ni da shi," ya ce. "Kuma kai za ka yi sanarwar, tunda bakinka bai taɓa gajiya da sunan nan ba. Ka ɗaga murya sosai, don na sahun baya su ji."

Na ce to, na tayar da babur, muka yi gida.